Wutar Birkin Kunkuru

A garejin kamfanin siminti babu wanda ke kiransa da sunan yanka. Kunkuru ake ce masa, tun yana da baƙin gashi har furfura ta cinye masa gemu, kuma tuƙinsa ne ya jawo masa. Mutum ne da zai ɗauko tirela mai tayoyi rututu, hanya fetal a gabansa ko akuya babu, amma ya riƙa lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Matasan direbobi su zo su wuce shi fuu, su leƙo ta taga suna yi masa tsiya, "Baba Kunkuru, in ka isa baɗi a gaida mutanen gida." Shi dai hannu yake ɗaga musu. Da yawansu ya tarar a gaba, mota ta yi rigingine, mai ita na zaune bakin kwalta ya dafe kai. Yakan tsaya ya ba su ruwa, bai taɓa ce wa kowa ai na gaya maka ba.

Bayansa kuwa kullum akwai Wutsiya. Kamfanin bibbiyu yake tura motoci in tafiyar nesa ce, don in ɗaya ta lalace ɗaya ta tsaya mata, to su biyun nan aka haɗa tun suna da ƙarfinsu. Wutsiya gajere ne mai surutun tsiya, ga son sukari a shayi, ga 'ya'ya cike da gida kamar makarantar firamare. Babu direban da ya yarda ya bi Kunkuru sai shi, shi ma cewa yake don ya samu lokacin kallon gonaki ne. In suka tsaya hutu, Wutsiya ke zuba, Kunkuru na sauraro. Wutsiya yakan ce, "Yaya, wallahi na fi sanin bayan motarka a kan fuskar matata." Gaskiya kuma ya faɗa, don shekara da shekaru abin da ke gaban idonsa ke nan: ƙarfen baya da ya lanƙwashe, igiyar tampol, da jar wutar birki guda biyu.

Gidan Kunkuru na bakin babbar hanya, can inda gari ke ƙarewa, ɗaki uku da tsakar gida da benci a ƙofa ƙarƙashin bishiya. Direbobin kamfanin suna da wata ɗabi'a tasu: in ka zo wuce gidan abokin aiki sai ka danna ham sau biyu, dogo da gajere, gaisuwa ke nan ga mutanen gida. Matarsa ta san nasa a cikin na kowa. Sau da yawa yakan wuce da lodi ba halin tsayawa, ya danna, ita kuma tana tsakar gida tana wanki ta ce wa yara, "Babanku lafiya lau." Rabin zaman aurensu a kan wannan ham ɗin aka yi shi.

In ya dawo hutu kuwa baƙo ne a gidansa. Bai san inda ake ajiye cokali ba. Yara su gaishe shi da ladabi su sulale waje, matarsa ta kawo masa abinci ta koma gefe. Kafin ya gama ci kansa ya fara rinjaya, barci ya kwashe shi a zaune, hannu cikin kwano. Haka yaran suka girma suka watse, ya aurar da su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma a kan hanya ya ji labarin haihuwarsu. Ba ya faɗa da kowa a gidan, ba ya kuma hira da kowa.

Mutane in babbar mota ta faɗi sai su taɓe baki su ce tsautsayi, ko su ce direbobin nan 'yan ƙwaya ne. Akwai masu shan, ban musa ba. Amma ku je gareji ku ga yadda ake haɗa tsautsayin da hannu, tun mota ba ta tashi ba. A ɗora mata lodin da ya wuce ƙarfinta, a ce ai sikelin hanya an san yadda ake yi da shi. Taya ta suɗe kamar tafin hannu, a ce ta ƙara zuwa ɗaya. Direba ya sauka ƙafarsa a kumbure, a sake miƙa masa mukulli a ce mai kaya na jira. Sannan ga abin da ya fi ba ni haushi: in tiyon iskar birki ya fashe a wasu tayoyin baya, maimakon a canja, sai makanike ya toshe shi da ƙusa ya ɗaure da waya. Iska ta daina zuba, mota ta tashi, amma tayoyin nan babu birki a kansu. Kowa a garejin ya san ana yi, har mai gadi.

Ranar da abin zai faru duk waɗannan suka haɗu wa Kunkuru. Ya dawo daga wata tafiya bai ko cire takalmi ba Manaja ya aiko a ce ya juya. Ya zagaya motar yadda ya saba, ya ga wayar da aka ɗaure, ya je ya yi magana. Manaja bai ɗago kai ba ya ce, "Haba Baba, kai da ko gudu ba ka yi, me za ka yi da birki?" Aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya karɓi mukulli, don bai taɓa mayar da mukulli ba tun da ya fara aiki.

Akwai wani dogon gangare a hanyar, mai kwana a ƙarshensa. Da yamma suka iso shi, rana na shirin faɗuwa, Wutsiya na biye. Kunkuru ya tuna ya rage giya a saman tudun. Ya tuna ya yi hamma. Daga nan babu komai, sai silin ɗin asibiti da fanka na juyawa. Ƙafarsa ta dama an yanke ta daga ƙasan gwiwa. Sai da ya kwana biyu aka gaya masa sauran: motar ta ƙi shan kwana, ta bi ta kan wani mai keke da ya ɗauko itace, magidanci mai iyali, ko shurawa bai yi ba.

Wutsiya ne ya ciro shi daga kan motar, shi ne kuma ya fara zuwa duba shi. Ya zauna bakin gado, yau babu surutu, hularsa a hannu yana murzawa. Kunkuru ya juyo da ƙyar ya ce, "Gaya mini gaskiya. Barci na yi?"

"Wane irin barci, Yaya? Jar wutarka a kunne take tun daga saman gangaren har ƙasa, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ina kallo ina salati. Birki kake takawa, motar ce ta ƙi. Mai barci yana taka birki ne?"

Kunkuru ya rufe ido hawaye suka gangaro masa cikin kunne. Matarsa na zaune a kan tabarma gefen gadon, ta ji komai.

Manaja ma ya zo, da lemo a leda da fuskar jaje. Ya ce kamfani ya yi magana da iyalan mamacin, kada Baba ya damu. Abin da bai faɗa ba shi ne bayanin da aka bayar wa 'yan sanda da mutanen inshora: mota lafiyarta ƙalau, direba ne ya yi barci. Da haka kamfani ya wanke hannunsa tas, daga jinyar har ƙafar. Kafin a sallami Kunkuru daga asibiti magana ta zagaye tasha. Kunkurun da ake yi wa tsiyar sanyin tuƙi ya zama tsohon da ya yi gyangyaɗi ya kashe mutum.

Ya dawo gida da sanduna biyu, benci ya zama wurin aikinsa. Da safe ya fito, ya jingina sandunan da bishiya, ya zuba wa kwalta ido har rana ta yi sanyi. Motocin kamfani na wucewa suna danna masa ham, dogo da gajere, yana ɗaga hannu. Kaɗaici ya ishe shi, a gidan da ga mutum yana motsi a ciki amma ba su saba magana ba. Wata rana matarsa ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana gyara mayafi, can ta ce, "Malam, ni ba don komai ba. Amma ka tabbata ba ka yi barcin ba? Na ga ko a gida kai ne har da hannu a kwano."

Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta sani game da shi ke nan. Ya ce, "Ba kin ji abin da Wutsiya ya ce ba?" Ta ce ta ji, ta koma ciki. Shi kuwa maganar ta zauna masa a ƙirji, don shi kansa bai sani ba. Hammar nan kawai yake tunawa. Duk duniya abin da ya raba shi da zama mai kisan kai da sakaci bakin mutum ɗaya ne.

Autarsa, wadda ke ɗinki a cikin gari, ita ta matsa. Ta ce akwai ofishin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi, ba a biyan komai. Ya ce shi bai taɓa kai ƙarar kowa ba, kamfanin nan shi ya ci da su ya sha da su. Ta ce, "Baba, ya ci da mu, ya kuma cinye maka ƙafa da suna." Sai da ta yi kuka sannan ya yarda.

Ofishin a bene yake, ka ji hikima, wurin taimakon waɗanda suka karye amma sai ka hau matakala. Ya hau yana hutawa, Auta na riƙe da sanda ɗaya. Ɗaki ne ƙarami, fayil-fayil har kan kujera, fanka na kaɗa takardu an danne su da kofi. Lauyar mace ce, ba za ta girmi Auta da yawa ba, idonta duk gajiya. Ta kwashe fayil ta ba shi wuri, ta ce, "Baba, ba ni labari daga farko, kada ka gyara komai."

Ya ba ta. Ta tambaye shi nauyin lodin, da rabonsa da barci kafin tafiyar, da wanda ya ba da umarnin ya juya. Da ya zo kan ƙusa da waya sai ta ajiye biro.

"Ka san an toshe birkin kafin ka tashi?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Za su kama wannan su jijjiga. Amma kai ka yi magana, aka ce ka tafi, kuma motar tasu ce, gyaranta a wuyansu yake. Ina motar yanzu?"

Auta ta ce sun ji an yanka ta an sayar wa masu tsohon ƙarfe.

Lauya ta numfasa. "Abin da ya sa nake roƙon mutane su zo da wuri ke nan. Da tun kana asibiti aka zo, da mun nemi a hana taɓa motar, a kawo mai duba ta, a ɗauki hoto. Yanzu ƙusar ta tafi. Saura mutane. Akwai wanda ya ga abin da idonsa?"

Fuskar Kunkuru ta washe a karo na farko. Ya ce akwai, ɗan'uwansa ne na hanya, ya gaya mata zancen jar wuta. Ta ce wannan shaida ce mai ƙarfi, in har zai tsaya gaban alƙali ya maimaita. Sannan ta tambaye shi abin da yake nema, diyya ko kuɗin jinya ko ƙafar roba. Ya kalli sandarsa ya ce, "'Yar nan, duk abin da ya samu na gode. Ni dai a cire kalmar barcin nan daga kaina."

Takardar Lauya na isa kamfani ham ya ɗauke. Ba a hankali ba, rana ɗaya. Motocin da ya sani, direbobin da ya koya wa ja da baya, su zo su wuce ƙofar gidansa kowa ya miƙe wuya yana kallon gaba kamar an dasa shi. Ya ɗaga hannu sau ɗaya, sau biyu, ya daina. An tara su an gaya musu duk wanda aka gani da mai ƙarar kamfani ya ajiye mukulli. Motar Wutsiya ma ta wuce shiru, yanzu ita ce a gaba, wani sabon direba na bin ta.

Lauya ta kira Wutsiya a waya ya fi a ƙirga, ba ya ɗauka. Ƙarshe Kunkuru ya sa aka ɗauke shi a babur zuwa gareji. Mai gadi, wanda suka sha shayi tare shekaru, ya gaishe shi da girmamawa ya kuma tare ƙofa. Sai ya zauna wurin mai shayi na tsallake ya jira. Can Wutsiya ya fito, ya hango shi, ya yi kamar zai koma, sannan ya tsallako yana jan ƙafa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya tambayi mutanen gida, ya sake tambayar jiki.

Kunkuru ya ce, "Ba dogon zance na zo da shi ba. Abin da ka gaya mini a asibiti nake so ka gaya wa alƙali."

Wutsiya ya kalli ƙofar garejin, ya kalli ƙasa. "Yaya, ka san gidana. Ka san bakin da ke jirana."

"Na sani."

"Kuma ni na yi ta tunani. Lokacin nan rana na faɗuwa, tana bayanmu. Wataƙila ita ce ta haska gilashin wutar na ga kamar a kunne take. Ka san ido. Ba zan rantse a kan abin da ban tabbatar ba."

Da ƙin zuwa kotu kawai ya yi, da da sauƙi. Kunkuru ya san tsoro, ya san yunwar yara, da ya yafe masa tun kafin ya roƙa. Amma wannan, haba Wutsiya. Ya zo neman shaida, aka karɓe har ɗan abin da yake kwana da shi. Mai shayi ya turo masa kofi, bai taɓa ba. Ya ce, "To, Allah ya tsare hanya," ya lalubi sandunansa.

Shari'a ta yi ta tafiya yadda shari'a ke tafiya, a zauna a ɗage, a zauna a ɗage. Lauyan kamfani ya tambaye shi gaban jama'a ko zai iya rantsuwa idonsa biyu a gangaren nan. Lauya ta riga ta ce masa ya faɗi gaskiya komai ɗacinta, shi ma ba zai iya wani abin ba. Ya ce, "Ban tuna ba." Ta yi iya ƙoƙarinta, ta matsa a kan lodin da kuma rashin hutu, har kotu ta ɗora wa kamfani wani kaso na jinyarsa. A kan matakalar kotun ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba: zancen birki bai tsaya ba, babu mota babu shaida, kalmar barci tana nan inda take. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. In ya canja shawara, ko yaushe ne, ƙofata a buɗe take." Ya yi mata godiya sosai, don ta cancanta.

Ya koma bencinsa. Ya rage cin abinci. Barcin da a dā ke sace shi a zaune yanzu tsoronsa yake, da ya fara gyangyaɗi sai ya zabura yana laluben birki da ƙafar da babu. Yakan tuna mai keken da bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya ce a ransa wataƙila dai ni ne. Matarsa na ganinsa ta ƙofa, ta rasa ta inda ake shiga mutumin nan.

Wata yamma hadari ya haɗo, gari ya yi duhu-duhu, rana ko alamarta babu. Matarsa ta fito kwashe shanya daga igiyar ƙofar gida, tana ce masa ya shigo kafin ruwa ya sauko. Sai ga motar Wutsiya ta taho da lodi. Kunkuru ya sunkuyar da kai yadda ya koya, don kada ya ga an kau da fuska. Motar ta wuce, babu ham. Da ya ɗago sai ya ga bayanta.

Jar wutar birki ce ta kama, duka biyun. Hanyar nan shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami, ba kwana, ba ko kaza a kanta, babu dalilin da zai sa direba ya taɓa birki. Motar ba ta tsaya ba, ta dai rage gudu tana tafiya a hankali, wutar na ci jajir, ko ƙiftawa ba ta yi. Sabon direban da ke biye ya yi ta danna ham na haushi. Wutar ba ta mutu ba har motar ta yi nisa, ta zama ɗigo biyu ja a cikin duhun hadari, ta ɓace.

Kunkuru ya san Wutsiya ba zai hau benen Lauya ba, ya kuma san babu alƙalin da zai karɓi wannan. Ya buɗe baki sau biyu kafin murya ta fito.

"Ban yi barci ba."

Matarsa na tsaye da kayan shanya a kafaɗa, ita ma hanyar take kallo. Ta ce, "Na gani, Malam. Yau ai babu rana."

Ruwa ya fara ɗigowa. Ba ta sake ce masa ya shigo ba. Ta matsar da sandunansa gefe, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin da kayan a cinyarta.